Ƙwayoyin Cutar Marigayi

Duk wanda ya fara kiran waɗannan halittu "ƙwayoyin cuta" bai kyauta ba, kuma da zan gan shi da na gaya masa a fuskarsa. Ya leƙa na'ura ya ga miyagu kaɗan a cikinsu, sai ya raɗa wa dangin kaf suna da laifin waɗannan 'yan tsirarin. Mafi yawansu ba ruwansu da kowa, wasu ma ba don su ba da ba mu ci abinci ba, amma suna ya riga ya zauna.

Maigidana ya yi shekaru yana kokawa da sunan nan. In an gayyace shi ya yi wa manoma bayani sai ya ce "ƙananan halittu masu taimakon saiwa", a gyaɗa kai, a tafa masa, ana tashi kuma wani ya matso ya ce, "Dakta, ƙwayoyin cutar nan naka yaushe za a fara raba su?" Ya gwada "ƙwayoyin lafiya", aka ɗauka maganin asibiti yake talla. Ya gwada "taki mai rai", wani dattijo ya tambaye shi ko yana cizo. Daga baya ya gaji ya sallama, mu kanmu a wurin aiki abin da muke cewa ke nan.

Ni ce mai kula da ɗakin gwaji a cibiyar binciken noma inda yake aiki, kuma a can muka haɗu, yana zubar mini da ƙasa a kan teburin da na gama gogewa. Aikinsa shi ne yawo a busassun wurare, inda ruwan sama ke zuwa in ya ga dama, yana neman tsiron da ya ƙi mutuwa. In ya samu sai ya durƙusa ya tone shi da saiwarsa da ƙasar da ke manne da ita, ya kawo mini. Ni kuma in wanke, in daka, in shafa ruwan a kan farantan gilashi masu abincin da muke dafa musu, wani abu mai kama da daskararren romo, in sa a akwatin ɗumi. Bayan kwanaki sai ɗigo-ɗigo su fito, farare da rawaya. Mu ware kowanne, mu jiƙa irin masara da na wake a ciki, mu shuka a tukwane, sannan mu hana su ruwa mu ga wanda zai jure.

Yawancinsu ba su tsinana komai. Sai guda ɗaya, da ya samo a saiwar wata gajeriyar ƙaya a gindin wani tsauni. Masarar da aka jiƙa a cikinta takan tsaya da ganyenta a buɗe bayan 'yan'uwanta sun naɗe sun sunkuya. Muka maimaita, muka sake maimaitawa don kada zumuɗi ya ruɗe mu, abin bai canza ba. Ranar da ya tumɓuke ɗaya ya ga yadda saiwar ta yi gashi ta cika tukunya, sai da ya zagaya teburin yana rawa, mutumin da ko a ranar aurenmu bai taka ba. Shi ne ya raɗa mata suna Gwaggo, wai don ba ita ta haifa ba amma ita ke reno.

Da ya koma tsaunin don ya ƙaro, ya tarar an mayar da shi wurin fasa dutse, motoci na shiga suna fita. Ya bi gefe-gefe har rana ta juya bai ga ƙayar ba. Ya dawo ya ce mini, "Yanzu Gwaggo ba ta da gida sai wurinki." Na ce masa ai dama tun da na aure shi nake riƙon danginsa, ƙarin mutum ɗaya ba zai kashe ni ba.

Dangin da nake nufi ita ce mahaifiyarsa, Mama, wadda ke zaune tare da mu tun kafin in haifi 'yarmu. Shi ne autanta, kuma Auta take kiransa har gemunsa ya fara furfura. Mace ce mai tsabtar da ta wuce misali, irin wadda za ta wanke sabulu kafin ta wanke hannu da shi. Shi ya sa bai taɓa gaya mata ainihin abin da yake kiwo a wurin aiki ba. In ta tambaya sai ya ce, "Aikin taki ne, Mama." Ita kuma ta taɓe baki ta ce duk karatun nan ashe a taki zai ƙare. Mukan yi dariyar abin, ni da shi. Ba mu ɓoye mata don raini ba, mun dai san in ta ji kalmar nan ba zai ƙara shiga gidan ba sai an tube masa takalma da riga a ƙofa.

Ciwonsa bai zo da kamar na mutuwa ba. Ciwon ciki ne, aka yi masa ƙaramin aiki, har ya fara neman a kawo masa wayarsa. Sai zazzaɓi ya rufe shi. Muna tsaye a barandar asibiti, ni da Mama, likita ya fito ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga jininsa.

Mama ta ce, "Ina suke? Ku fitar da su mana."

Likitan ya yi mata bayani cikin ladabi. Ya ce ba a ganinsu da ido, amma sun ɗebi jininsa a kwalba sun kai ɗakin gwaji, za a shuka su su girma, a gane ko waɗanne iri ne, a san maganin da zai kashe su. Mama ta kafe shi da ido, ta maimaita a hankali, "A shuka su su girma." Kafin sakamakon ya fito maigidana ya riga mu gidan gaskiya.

Ni na yi kuka har muryata ta dishe. Mama kuwa ba ta yi a gaban kowa ba, wanki ta kama. Ta wanke labule, ta wanke bango, ta wanke abin da ta wanke jiya. Wani lokaci sai in same ta a bakin gadonsa tana duban tafukan hannunta, kamar ta aike su sun dawo ba su yi aiken ba. 'Yarmu ce kaɗai ke iya sa ta magana, in ta hau cinyarta ta ce, "Ƙawata, yau ma ba ki yi mini dariya ba."

Da na koma aiki, abu ɗaya ne ya tsayar da ni a kan ƙafafuna. Kafin ya kwanta ya riga ya shirya da wasu manoma cewa da faɗuwar ruwan farko za a fitar da Gwaggo daga tukwane a kai ta gona ta gaske, a gefen da ruwa ke yanke musu kowace shekara. Wannan ne abin da ya yi wa wahala tun yana saurayi. Na ce ko da rarrafe sai na kai ta gonar nan. Kowace safiya in na shigo sai in buɗe firij in ce, "Gwaggo, an tashi lafiya?" kamar yadda yake yi, in kuma ba kowa a ɗakin sai in ƙara da labarin gida.

Ana saura 'yan makonni damina ta faɗi, wayar wutar ginin ta kama a ƙarshen mako. Ba a yi gobara ba, amma komai ya mutu, har injin da ke karɓa in an ɗauke wuta. Da muka shigo ran Litinin ɗakin na wari, babban firizan da muke ajiyar dindindin ya narke, ruwa ya malale har ƙofa. Na gwada farfaɗo da abin da ke ciki, sai funfuna da baƙin ƙwayoyi suka mamaye farantan. Tukwanen gwajinsa na ƙarshe kuwa tun kafin ya rasu aka girbe su aka ƙone ƙasar, kamar yadda dokar aikin ta ce. Abin da ya tsira kawai 'yan siraran kwalaben da na dasa Gwaggo a ciki kwanan baya, don su ba sa lalacewa da wuri.

Masu gyara suka ce sai an sauya wayoyin ginin gaba ɗaya, kuma duk wanda ya san masu gyara ya san abin da "kwanan nan" ke nufi a bakinsu. Na naɗe kwalaben a auduga, na jera su a robar abinci mai murfi, na ɗaure da leda, na rungumo su a mota har gida. Na sa su a ƙasan firij ɗinmu, bayan tumatir. Na ce, "Mama, wannan kayan aiki ne, don Allah kada a taɓa." Ta ce to. Na gaya wa yarinya ita ma, ta ce ai ba alawa ba ce, me za ta yi da shi.

Shugaban sashenmu mutumin kirki ne, sai dai in yana waya ya ɗauka wanda yake magana da shi yana bayan gari ne. Ya kira ni wata safiya ina yanka albasa, hannuna duk a jiƙe, yarinya ta danna mini wayar ta buɗe murya ta ajiye a kan teburin kicin. Mama na zaune a bakin ƙofar kicin tana tsintar shinkafa.

Ya ce, "Ya haƙuri? Dama tambaya zan yi, ƙwayoyin cutar marigayi fa, suna ina?"

Na ce, "Suna nan gida, ranka ya daɗe, a firij ɗina."

"Da ransu?"

"Da ransu, lafiya lau. Jiya ma na duba su, sun cika fuskar kwalba."

Ya ce, "Madalla. Ki riƙe su da kyau, kada ki bari su mutu. Su ne kaɗai suka rage. Na samu wata cibiya da za ta ajiye mana, gobe da yamma ki kai musu."

Na ce ba zan bari ba in Allah ya yarda. Ya kashe waya, na ci gaba da albasata. Na dai lura tiren Mama ya daina ƙara, amma ban kawo komai a raina ba, don tun rasuwar takan yi shiru haka a tsakiyar aiki.

Washegari na tashi daga aiki da wuri, na aro akwatin ƙanƙara na nufi gida in ɗauki kwalaben. Tun daga matakala warin ruwan wanke banɗaki ya tare ni. Na tura ƙofa na ga firij a wangale, an cire wayarsa, an fitar da komai, an wanke shi tas yana ɗiga. Madarar yarinya da tumatir da ƙwai duk suna cikin ledar shara a ƙulle. A kan murhu babbar tukunyarmu na tafasa, ina jin ƙarar gilashi na bugun gindinta.

Mama na tsaye a gaban tukunyar, ta sa safar hannun wanke-wanke, ta rufe hancinta da mayafi, ludayi a hannu. Ta aika yarinya gidan maƙwabta. Da ta juyo, abin da na gani a fuskarta ban ƙara ganinsa ba tun kafin asibiti: idanunta sun yi ja, amma a tsaye suke, kuma bayanta ya miƙe.

Ta ce, "Tsaya nan, 'yar nan, kada ki shaƙa. Na kusa gamawa."

Na ce, "Mama, mene ne a tukunyar?" Na san amsar, bakina ne kawai ya tambaya.

"Su ne. Na ji ku jiya." Ta juya ludayi. "Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, na ɗura musu ruwan banɗaki, na bar su suka sha, sannan na dafa. Tun da hantsi suke kan wuta, ruwa na ƙonewa ina ƙarawa."

Akwatin ƙanƙarar ya suɓuce daga hannuna. Ta ɗauka tsoro ne, sai ta sassauta murya.

"Ban ga laifinki ba, wallahi ban gani ba. Na san aikinku ne, a ba ku ku ajiye ku bincika. Likita ma ya faɗa, a shuka su su girma. Amma ni uwa ce. Su kashe mini Auta, sannan a kawo su gidansa a shimfiɗa musu auduga, a sa su a sanyi kusa da madarar 'yarsa, ana tambayar lafiyarsu? Shi yana cikin ƙasa su suna cika kwalba?" Ta ajiye ludayin. "Jiya ban runtsa ba. In shugabanki zai yi faɗa, ki ce ni ce, ya zo ya same ni."

Sai a lokacin kalmomin jiya suka dawo mini kamar yadda suka shiga kunnenta. Ƙwayoyin cutar marigayi. Mu abin da muke nufi ƙwayoyin da marigayi ya tara. Ita kuma ta ji abin da duk wani mai jin Hausa zai ji, ƙwayoyin cutar da ta kashe shi. Ba ta yi kuskuren ji ba, daidai ta ji.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa sani ba. Na so in yi ihu, in kifar da tukunyar, in ce mata kin san abin da kika dafa kuwa? Kin dafa tafiyar da ya yi a rana har fatar wuyansa ta saɓule, kin dafa abin da ya sa shi rawa, kin dafa abu na ƙarshe mai rai da ya taɓa da hannunsa, ban da yarinyar nan. Har na buɗe baki. Sai ta cire safar hannun, ta jingina da bango, ta fashe da kuka, kukan da ta riƙe tun barandar asibiti. Ta yi ta kiran Auta, Auta. Na tsallake akwatin na riƙe ta, muka zauna a ƙasan kicin a cikin ruwan wankin firij, kowace da abin da take yi wa kuka, ita kuma tana bubbuga bayana tana cewa in yi haƙuri, ai an gama da su.

Da tukunyar ta huce na tsame kwalaben. Na tattara murafensu daga kwandon shara, da audugar, da robar, har ledar da na ɗaure ta da ita. Akwai irin waɗannan halittu da kan yi wa kansu ɓawo su tsallake tafasa. Na san Gwaggo ba ta cikinsu, ni na rubuta hakan da hannuna, amma na ce wataƙila wani ɗigo ya maƙale a cikin murfi inda ruwan bai kai ba.

Mama ta ce, "Ina za ki kai su?"

Na ce, "Zan duba ko akwai wadda ta tsira."

Ta ce, "Yawwa, Allah ya yi miki albarka. Duba mini da kyau. In akwai saura ki kawo mini."

Na gaya wa shugaban sashe gaskiya a ofishinsa, na roƙe shi maganar ta tsaya tsakaninmu. A karon farko na ji ya yi magana a hankali. Ya cire gilashinsa ya yi mini ta'aziyya sabuwa fil, kamar ranar aka yi rasuwar. Ya nemo mini wuri a ɗakin gwajin wata makaranta, na dafa abinci na zuba a faranti, na goge cikin kowane murfi da kowace kwalba na shafa, na sa a akwatin ɗumi.

Kwanakin da suka biyo baya, mu biyu a gida ɗaya muna jiran labari ɗaya. Ina jin ta bayan salla tana roƙon Allah kada ya bar ko guda. Ni kuma a ɗakina ina roƙon ya bar mini ko guda. Kullum in na dawo tana bakin ƙofa. "Yaya?" In ce tukuna, sai an ƙara jira. Ta ce, "Kin gani ko, masu taurin kai ne." Ta fara cin abinci sosai, ta koma tsokanar jikarta, har ta ce a sayo mata zare za ta ci gaba da saƙar da ta ajiye.

Wani abu ya fito a farantin audugar, ɗigo fari, gabana ya faɗi. Na yi maza na duba shi a na'ura. Ba ita ba ce, irin wanda ke kan fatar kowa ne, wataƙila ma daga yatsan Mama. Sauran farantan na bar su fiye da yadda aikin ya ce, na ƙara musu kwanaki, na sake ƙarawa. Suna nan wasai kamar yadda na zuba su. Ran da mai ɗakin ya ce yana bukatar akwatinsa, na kwashe su na wanke masa wurin. A hanya ɗaya daga cikin manoman ya kira, ya ce hadari ya fara haɗuwa a wajensu, sun ware gonar, yaushe za mu zo da irin. Na ce masa bana su shuka abinsu yadda suka saba.

Na tarar da Mama a kujerar falo da saƙarta, yarinya na barcin rana a gefenta. Ta ajiye zaren.

"Yaya?"

Na ce, "An gama, Mama. Babu abin da ya fito."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Kin tabbata? Ke kika san aikin."

"Na tabbata."

Ta ɗaga hannuwa ta yi hamdala, ta shafa. Sannan ta jawo ni ta zaunar kusa da ita, ta riƙe hannuna a cikin nata, fatar yatsunta duk ta tsattsage saboda ruwan banɗakin nan. Ta dubi yarinyar, sannan ta yi magana.

"A asibiti ina tsaye ina kallo, ko ruwa ba su bari na ba shi ba. Na haife shi, na goya shi, amma ranar da ya fi bukatata ban iya yi masa komai ba." Ta matse hannuna. "Wannan ɗaya dai na yi masa, ko?"

Na ce, "Kin yi masa, Mama."